BABI NA HUƊU: TAƘADDAMA KAN GASKIYAR TARIHI A FINAFINAN YAƘI, MISALIN FIM ƊIN SARAUNIYA (1986)

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda majigi da silima suka shigo ƙasar Hausa, da yadda Turawan mulkin mallaka suka yi amfani da motocin majigi wajen nuna wa jama'a labaran Yaƙin Duniya na Biyu (1939 zuwa 1945) ta fuskar da suka ga dama. A wannan babi kuwa za a duba taƙaddamar da kan taso idan aka ɗauko wani yaƙi da ya auku a ƙasar Hausa aka mayar da shi fim. Misalin da aka zaɓa shi ne fim ɗin Sarauniya, wanda Med Hondo ya shirya a 1986 a kan yaƙin Lugu na 1899. Za a fara kawo abin da tarihi ya adana, sannan a kawo abin da fim ɗin ya nuna, a fito da wuraren da suka dace da wuraren da suka saɓa. Daga nan za a kwatanta shi da fim ɗin Amina na 2021, a kuma duba darasin da ke ciki ga tarihin ƙasar Zamfara.

4.1 Tushen Taƙaddamar

Masanin tarihi da mai shirya fim kowa da irin aikinsa. Masanin tarihi yana aiki ne da hujja, wato rubutattun takardu da ruwayoyin baka da kayayyakin da aka tono daga ƙasa. Inda hujja ta ƙare, dole shi ma ya dakata. Mai shirya fim kuwa ba shi da halin dakatawa, domin tilas ne ya nuna fuskar jarumi da tufafinsa da irin maganar da ta fito daga bakinsa, ko da babu wanda ya adana waɗannan abubuwa. Saboda haka duk fim ɗin tarihi yana ɗauke da ƙage, kaɗan ko mai yawa.

Abin da ya sa lamarin ya fi tsanani a finafinan yaƙi shi ne, yaƙi yana barin wanda ya ci da wanda aka ci, kuma jikokin ɓangarorin biyu suna nan raye suna kallo. Bugu da ƙari, a ƙasar da masu kallon fim suka fi masu karanta littattafan tarihi yawa nesa ba kusa ba, abin da aka gani a allo shi kan zauna a zukata a matsayin gaskiya. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Wannan karin magana ita ce ƙarfin fim, kuma ita ce hatsarinsa.

4.2 Tafiyar Voulet da Chanoine a Ƙasar Hausa

A ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar raba ƙasa. Daga cikin sharuɗɗanta akwai wani layi mai siffar baka da aka shata a tazarar mil 100 daga birnin Sakkwato. Abin da ke cikin layin rabon Ingila ne, abin da ke bayansa ta arewa kuwa rabon Faransa. An yi wannan rabo ne a kan takarda, a lokacin da Sarkin Musulmi Abdurrahman (1891 zuwa 1902) yake kan gadon mulki, shekara biyar kafin Ingilishi su ci Sakkwato a watan Maris 1903.

Domin ta tabbatar da rabonta, Faransa ta tura runduna daga bakin kogin Kwara zuwa tafkin Cadi a ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine. Rundunar ta ƙunshi Turawa 'yan ƙalilan da ɗaruruwan sojoji baƙar fata daga yammacin Afirka, da 'yan dako kimanin 800 waɗanda aka kamo da ƙarfi. Tun daga watan Janairu 1899 suka soma ƙone garuruwa da karkashe mutane domin samun abinci da ruwa da 'yan dako. Ƙarancin ruwa a hanyar arewa ya sa suka ratso ta cikin yankin da yarjejeniya ta bar wa Ingila.

A ranar 16 ga Afrilu 1899 rundunar ta auka wa Lugu, wani gari na Azna da ke ƙasar Arewa, arewa maso gabas da Dogon Dutsi. Mutanen Lugu da maƙwabtansu sun tare su da kwari da baka, daga baya suka janye zuwa cikin kurmi mai sarƙaƙiya suka ci gaba da harbi daga ciki. Bisa lissafin Faransawa, an kashe musu soja 4, an raunata 6, sun kuma harba harsashi kusan 7,000. Sun shiga garin sun ƙone shi, suka wuce gabas. A cikin watan Mayu suka isa Birnin Ƙonni, inda suka yi kisan gilla mafi muni a duk tafiyar.

Labarin ta'asar ya isa Faransa ta hanyar wasiƙar Laftana Peteau, wanda Voulet ya kora daga rundunar. Gwamnati ta turo Laftana-Kanar Klobb daga Tambutu ya karɓi ragama. A ranar 14 ga Yuli 1899, a Ɗankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Klobb, ya kuma shaida wa mutanensa cewa ya fita daga biyayyar Faransa, zai kafa daular kansa. Ba a yi kwana uku ba sojojinsa suka yi bore. Sun kashe Chanoine ranar 16 ga Yuli, suka kashe Voulet washegari. Kaburburansu suna Maijirgi, a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan Yuli bayan yaƙin Tirmini, kuma wani sashe nata a ƙarƙashin Joalland da Meynier ya kai Cadi, ya halarci yaƙin Kusiri na 22 ga Afrilu 1900 inda aka kashe Rabe.

Ya kamata a lura cewa karkatar da wannan tarihi ya girmi fim. A 1900 majalisar dokokin Faransa ta ƙi amincewa da buƙatar kafa kwamitin bincike, kuma binciken da ma'aikatar mulkin mallaka ta yi an rufe shi a 1902, aka ɗora laifin a kan haukan da zafin Afirka ya jawo wa hafsoshin biyu. Ta wannan hanya aka mayar da kashe Klobb babban abin magana, dubban Hausawa da Zabarmawa da suka halaka kuwa aka bar su a gefe.

4.3 Sarauniyar Lugu a Ruwayar Mutanenta

Kalmar Sarauniya a Lugu sarauta ce da ake gada, wadda ta rigayi 1899 ta kuma ci gaba bayanta. Sunan wadda ke riƙe da ita a lokacin yaƙin shi ne Mangu. Ruwayar baka ta nuna cewa sarauniyar farko ta taso ne daga Daura tare da wani dutse mai suna Tunguma, wanda Azna ke kai ƙara gare shi idan an yi jayayya. Idan Sarauniya ta rasu, akan ɗauki gawarta, a bisa imanin cewa gawar ce za ta ja masu ɗauke da ita zuwa ga matar da za ta gaje ta. Wannan al'ada ita ake kira tarkama.

Masana irin su Marc-Henri Piault, wanda ya wallafa tarihin Arawa a 1970, da Nicole Moulin da abokan aikinta, waɗanda suka tattara ruwayoyin Lugu a 2007, sun nuna cewa aikin Sarauniya ya shafi addinin gargajiya ne. Ita ce uwar ƙasa, mai kula da tsafi da roƙon ruwa da zaman lafiyar gari. Tana zaune a keɓe cikin ɗakinta, tana sanye da fararen tufafi, tana kaɗin auduga. A ruwayar Lugu, abin da ake yaba wa Mangu shi ne ƙin miƙa wuya da kuma ƙarfin asirinta, har ma akan ce asirin nan ne ya bi Turawan ya haɗa su faɗa da juna. A ɓangaren Faransawa kuwa, Joalland ya ambace ta a cikin 'yan layuka kaɗan a littafin da ya wallafa a 1930, inda ya siffanta ta da tsohuwar matsafiya. Ashe ke nan majiyoyin biyu, duk da gabar da ke tsakaninsu, sun haɗu a kan cewa makaminta asiri ne.

4.4 Daga Littafi Zuwa Fim

Wanda ya fito da sunan Sarauniya daga ƙasar Arewa zuwa idon duniya shi ne Abdullahi Mamani (1932 zuwa 1993), marubuci kuma ɗan jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari. Ya yi zaman gudun hijira bayan an haramta jam'iyyar, ya kuma sha ɗauri a zamanin mulkin soja na Seyni Kunce. A 1980 ya wallafa ƙagaggen labari cikin Faransanci mai suna Sarraounia. Tarihin rayuwarsa yana taimakawa wajen fahimtar littafin, domin mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana adawa da mulkin mallaka, yana kuma neman gwarzon da zai zama abin koyi ga matasan Nijar.

Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya wanda ya rasu a 2019, shi ya mayar da littafin fim. Da farko an tsara ɗaukarsa a Nijar, amma shirin ya wargaje, sai gwamnatin Thomas Sankara ta karɓi aikin aka ɗauke shi a Burkina Faso. Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya. Fim ɗin bai daɗe a gidajen silima na Faransa ba, amma a 1987 ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu.

4.5 Wuraren da Ake Taƙaddama a Kansu

4.5.1 Shekaru da Matsayin Sarauniya

A fim an nuna Sarauniya matashiya ce mai jini a jika. Wani dattijo mai suna Dawa ne ya rene ta, ya koya mata harbi da sanin itatuwa. Ta ƙi aure da haihuwa, tana da masoyi mai suna Baka, kuma ita da kanta take jagorantar mayaƙa a fagen fama. Waɗannan abubuwa sun fito ne daga alƙalamin Mamani. Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai, a maƙalarta ta 2009, da Elara Bertho a maƙalarta ta 2011, duk sun nuna yadda aka sauya shugabar addini mai zaman ɗaki aka mayar da ita jaruma mai baka da kibiya. Masu sukar wannan sauyi suna ganin cewa an auna darajar mace da ma'aunin maza, kamar dai shugabancin da ba a yi shi da makami ba bai isa a yaba masa ba. Masu kare shi kuwa suna cewa ƙin miƙa wuya abu ne da ke cikin zuciya, kuma allo ba ya iya nuna shi sai ta hanyar aiki da ido zai gani.

4.5.2 Sakamakon Yaƙin

Fim ɗin ya bar mai kallo da fahimtar cewa Lugu ce ta karya lagon rundunar, kuma tsoron Sarauniya ne ya yi ta cin sojojin har suka juya wa shugabanninsu baya. Idan aka yi la'akari da jerin kwanaki, za a ga cewa tsakanin yaƙin Lugu da mutuwar hafsoshin akwai wata uku cur. A cikin waɗannan watanni ne aka yi kisan Birnin Ƙonni da na garuruwa da dama a kan hanyar Tasawa, abin da ke nuna cewa rundunar ta fita daga Lugu da ƙarfinta. Dalilin boren da ya fi kusa shi ne kashe Klobb da kuma shelar da Voulet ya yi, wadda ta nuna wa sojojin cewa ba su da ranar komawa gida. Sai dai a nan fim ɗin yana da madogara, domin ya bi ruwayar Lugu ne da ke danganta halakar Turawan ga asirin Mangu. Wannan ruwaya hujja ce a kan yadda mutanen Lugu suka fassara abin da ya same su, amma ba ta isa hujja a kan dalilin boren ba.

4.5.3 Harshe da Muhalli

Mutanen Lugu Hausawa ne, da Hausa suka yi shawarar yaƙi, da ita suka yi kirari. Amma da yake an ɗauki fim ɗin a Burkina Faso da 'yan wasan can, harsunan da suka mamaye shi su ne Jula da Fulatanci da Faransanci. Sakamakon haka, jikokin waɗanda aka yi fim ɗin a kansu ba za su iya bin maganganun cikinsa ba sai da tafinta. Wannan gibi ba ƙarami ba ne ga mai nazarin Hausa, domin kirari da take da habaici da salon zancen fada su ne ke ɗauke da tunanin al'umma game da yaƙi da jaruntaka.

4.5.4 Matsayin Sarakuna Musulmi

An nuna sarakunan Musulmi da ke kewaye da Lugu suna ɗaukar Sarauniya a matsayin abokiyar gaba, wasu suna jan ƙafa, wasu suna haɗa kai da Turawa. Gaskiya ne cewa an daɗe ana zaman doya da manja tsakanin Azna da mabiya jihadi, kuma akwai masu sarauta da suka karɓi Faransawa. Amma idan aka tsaya a nan, hoton bai cika ba. Birnin Ƙonni da ya fi kowa asarar rayuka yana ƙarƙashin Sakkwato ne. Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya yaƙi rundunar a Tirmini, aka kuma kashe shi a cikin wannan shekara. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya faɗi a Burmi a watan Yuli 1903, sannan aka yi boren Satiru a 1906. Saboda haka tirjiya ga mulkin mallaka ba ta keɓanta ga mabiya addini guda ba.

4.5.5 Inda Fim Ya Dace da Tarihi

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ɓangaren da ya shafi Faransawa ya yi kusa ƙwarai da abin da takardu suka adana. Ƙone garuruwa da kama mata da azabtar da 'yan dako da harbe Klobb da boren sojoji, duk sun tabbata daga rahotannin Faransawa da kansu. Wato ƙagen ya fi yawa ne a ɓangaren da rubutacciyar hujja ta yi ƙaranci.

4.6 Kwatanci da Fim Ɗin Amina

Irin wannan taƙaddama ta sake tasowa a Nijeriya a watan Nuwamba 2021, lokacin da Netflix ta saki fim ɗin Amina, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, Lucy Ameh ta fito a matsayin Amina, Ali Nuhu kuma yana cikin manyan 'yan wasa. Masu kallo da dama a Arewa sun soki yin sa da Turanci, da yadda ake furta kalmomin Hausa, da tufafi da al'adun fada waɗanda suka ce ba na Zazzau ba ne. Duk da haka ya ci kyautar fim mafi kyau a bikin AMVCA na 2022.

Matsalar Amina ta fi ta Mangu zurfi, domin majiyoyin kansu sun saɓa. Tarihin Kano ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda (1421 zuwa 1438), wasu masana kuma sun ce 'yar Bakwa Turunku ce, ta rayu a ƙarni na 16. Muhammadu Bello ya ambaci yaƙe-yaƙenta a Infaƙul Maisuri, ya kuma ce a Atagara ta rasu. Bambancin finafinan biyu shi ne, Sarauniya ya ƙara gishiri ne domin isar da saƙon siyasa, Amina kuwa ya fi karkata ga nishaɗi da kasuwa. Inda suka yi tarayya shi ne cire harshen Hausa daga bakin jarumar Hausawa. A wajen ƙasar Hausa ma an ga makamancin haka a fim ɗin The Woman King na 2022, wanda aka zarga da sassauta rawar da daular Dahome ta taka a cinikin bayi a zamanin Sarki Gezo (1818 zuwa 1858).

4.7 Muhimmancin Taƙaddamar

Wani zai iya cewa fim wasa ne, bai kamata a tsananta masa ba. Amma abin da ya biyo bayan littafin Mamani da fim ɗin Hondo ya nuna akasin haka. Sunan Sarauniya ya shiga littattafan makaranta a Nijar, an raɗa shi ga gidan rediyo da talabijin a Yamai, kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 gwamnatin soja ta ƙirƙiro lambar girmamawa mai suna Sarauniya Mangu. Siffar da mafi yawan mutane ke gani idan an ambaci sunan ita ce ta matashiya mai baka. Ta nan za a ga cewa ƙage ya ceto sunan daga mantuwa, amma kuma ya rufe ainihin mai sunan.

Haka kuma, bayan fitowar fim ɗin African Apocalypse na Rob Lemkin a 2020, wanda ya bi sawun rundunar yana jin ta bakin jikokin waɗanda aka kashe, wasu al'ummomin da abin ya shafa sun kai kokensu ga Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman Faransa ta amsa laifinta. Mai irin wannan ƙara yana buƙatar hujja tsantsa, domin duk ƙarin gishirin da ya shiga cikinta zai zama mafaka ga wanda ake ƙara.

Darasin ya shafi ƙasar Zamfara kai tsaye. Tarihinta cike yake da abubuwan da za su ja hankalin masu fim, kamar labarin sarauniya 'Yargoje, da cin Birnin Zamfara da Gobirawa suka yi a zamanin Babari cikin ƙarni na 18, da faɗuwar Alƙalawa a 1808, da komawar sarautar Zamfara Anka. Yawancin wannan tarihi a baka yake, duk da ƙoƙarin tattarawa da Kurt Krieger ya yi a littafinsa na 1959. Matashin da ke Dareta ko Gummi ko Bukkuyum ya fi samun damar kallon fim a waya a kan samun irin wannan littafi, wanda da Jamusanci ma aka rubuta shi. Duk siffar da fim na farko ya ba 'Yargoje, da wuya wani littafi ya iya goge ta daga baya.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa fim ɗin Sarauniya ya riƙe amanar tarihi wajen nuna ta'asar Voulet da Chanoine, ya kuma saɓa masa wajen shekarun Sarauniya da matsayinta, da girman tasirin yaƙin Lugu, da harshe, da rawar da sarakuna Musulmi suka taka. An kuma ga cewa ƙage halal ne ga mai fim a inda tarihi ya yi shiru, amma abin zargi ne a inda ya ture hujjar da take akwai. Dangane da haka ana ba da shawara cewa masu shirya finafinan tarihin Hausawa su tuntuɓi sassan tarihi da na harsunan Nijeriya a jami'o'i da kuma dattawan garuruwan da abin ya shafa, su yi amfani da harshen mutanen da karinsu, su kuma bayyana wa masu kallo tun daga farko abin da yake tarihi da abin da yake ƙage. A babi na gaba za a duba yadda masu shirya finafinan Hausa na Kano suka tunkari labaran sarauta da yaƙi.